Filin na kowa ne, amma ba ko'ina ne hanya ba

A sassan jihohin Wyoming da Nebraska na Amurka, har yau ana ganin sawun amalanken da masu ƙaura zuwa yamma suka bari a ƙasa tun shekarun 1840. Shanun da suka ja su sun mutu, mutanen sun shuɗe, sawun taya yana nan. Wannan ne yake zuwa mini a rai duk lokacin da na ji masu hawan babura da motocin daji suna ƙorafin cewa an tauye musu 'yanci a filayen ciyawa na gwamnati.

Filayen nan guda 20 ne, faɗinsu ya kai kimanin eka miliyan 3.8, kuma hukumar kula da gandun daji ta Amurka ce ke riƙe da su. Asalinsu masifa ce. An nome ciyawar da ke riƙe da ƙasa, fari ya zo a shekarun 1930, iska ta riƙa kwashe ƙasar noma tana rufe gari da ƙura. Manoma suka watse, gwamnati ta sayi gonakin da suka mutu, aka sake shuka ciyawa. Sai a 1960 aka ba su sunan filayen ciyawa na ƙasa. Ke nan wurin da matashi yake son tsula gudu a kansa yau, tabon tsohon ciwo ne da aka yi shekaru ana jinya.

Tun 1972 Shugaba Nixon ya ba da umarnin a tsara yadda ababen hawa za su shiga filayen gwamnati, Shugaba Carter ya ƙara masa ƙarfi a 1977. Amma sauyin da na fi ganin muhimmancinsa shi ne na 2005. Kafin nan, a wurare da yawa mutum yana iya bi ta duk inda ba a kafa alamar hani ba. Dokar 2005 ta juya lamarin: abin hawa mai inji zai bi hanyar da aka ware kawai, kuma ana buga taswira kyauta mai nuna kowace hanya, irin abin hawan da aka yarda ya bi ta, da watannin da take buɗe. Cire allo ko karya shi ba ya wanke kowa, domin taswirar ce hujja.

Ina goyon bayan wannan tsari, kuma dalilina ba boyayye ba ne ga duk wanda ya tashi a ƙauye. Mun san yadda ɗan acaɓa ɗaya yake yanke ta gefen gona don ya rage tafiya, gobe wani ya bi sawunsa, kafin wata ya ƙare ta zama hanya. Damina ta faɗi, ruwa ya samu magudana, bayan 'yan shekaru sai ga kwazazzabo. Haka yake faruwa a can. Taya tana danne ƙasa har ruwa ya kasa shiga, tana tsinke saiwar ciyawa, kuma a ƙasar da ruwan sama bai da yawa ciyawar ba ta saurin dawowa. Ɓarnar ta fi muni idan ƙasa ta jiƙe. Ga irin muguwar ciyawa da ke maƙalewa a jikin mota ta bazu inda ba ta taɓa zuwa ba. Ga salansa mai zafi a kan busasshiyar ciyawa, abin da ya sa ake tilasta sanya ragar tare tartsatsi. Ga tsuntsayen da ke yin ƙwai a ƙasa tsirara, waɗanda mai gudu ba zai ma gan su ba.

Kuma ba mai babur kaɗai ke da haƙƙi a wurin ba. Akwai makiyaya da ke biyan kuɗin izinin kiwo. Ƙofar shinge ɗaya da aka bari a buɗe ta isa ta sa mutum ya wuni yana neman shanunsa.

Masu hawa suna da gaskiyarsu, ba na musu. Suna biyan haraji, da yawansu suna fita aikin gayya don gyara hanyoyi, kuma hani ba tare da madadi ba yana haifar da taurin kai ne kawai. Shi ya sa na yaba da abin da aka yi a filin Pawnee na jihar Colorado, inda aka ware wani kwari mai suna Main Draw domin masu babura, ana buɗe shi a lokacin sanyi, a rufe idan lokacin ƙwan tsuntsaye ya zo.

Inda tsarin ya yi rauni shi ne sa ido. Filin Little Missouri a Dakota ta Arewa shi kaɗai ya haura eka miliyan ɗaya. Jami'ai nawa za su tsare wannan? Don haka nauyin ya koma kan ƙungiyoyin masu hawa. Su ne suke ganin wanda ya bar hanya ya hau tudu don ya ɗauki bidiyo, su ne suka san sunansa. In suka yi shiru, hukuma ba ta da makamin da ya fi mata sauƙi kamar ta rufe hanyar gaba ɗaya, har da waɗanda ba su taɓa kauce mata ba.