A biya mai zanen makaranta kafin a sayi bulon farko

Da yawa daga makarantun da al'ummar Zango suka kafa da hannunsu a Kumasi da gudummawa suka tashi. Wani Alhaji ya ba da fili, a tara kuɗi bayan sallar Juma'a, 'yan uwa da ke Jamus ko Amurka su turo nasu, sai a kira birkila ya ja igiya a ɗora aji uku. Bayan shekara biyu wani bawan Allah ya ce zai gina ɗakin kwamfuta, a nuna masa duk inda ya rage a filin. Allah ya saka wa masu wannan himma da alheri. Amma ga abin da ke biyo baya: sabon gini ya tare wa tsohon iska, banɗaki ya faɗo kusa da wurin girki, filin wasa ya ƙare, ruwan sama ya rasa hanyar fita. Ra'ayina shi ne duk kwamitin da zai gina sakandare ya fara kashe kuɗinsa a kan cikakken zanen harabar, wanda zai nuna inda kowane gini zai zauna nan da shekara ashirin, ko da yau aji uku kaɗai ake iya ginawa.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa tun da aka fara karatun sakandare kyauta a Ghana a 2017. Ɗalibai suka yi wa ajujuwa yawa, har a 2018 aka raba su gida biyu, wasu na makaranta wasu na hutu. Tun daga nan kowace makaranta gini take yi, da kuɗin GETFund, asusun gwamnati na tallafa wa ilimi, ko na tsofaffin ɗalibai, kuma ginin gaggawa shi ne wanda ake yi ba a duba rana da iska ba.

Mai son ganin amfanin dubawa ba sai ya bar gari ba. Ya je Sofoline ya shiga Kwalejin Prempeh da aka buɗe a 1949, ko Opoku Ware da ke Santasi, ta 1952. Maxwell Fry da Jane Drew, masu zanen gini daga Ingila, su suka tsara tsofaffin gine-ginen makarantun biyu, kuma sun yi shi ne da sanin cewa ba za a dogara da lantarki a sanyaya aji ba. Ginin dogo ne siriri, don iska ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan. Akwai baranda, akwai rufin da ya zarce bango ya yi masa inuwa, akwai bangon siminti mai huji-huji da ke tace haske ya bar iska ta wuce. Ƙa'idar mai sauƙi ce a ƙasa irin tamu da ke kusa da tsakiyar duniya: a miƙar da ginin daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa, hantsi da ranar la'asar su bugi gajeren bango. Yau kuwa sai ka ga an manna wa aji gilashi mai zamewa, wanda rabinsa kaɗai ke buɗuwa, an kwantar da kwano dab da silin, ana kiran wannan zamani. Ranar da aka ɗauke wuta, yara hamsin ne ke gumi a ciki malami na fama da masu gyangyaɗi. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya ɗaga kwanon makarantar ƙauyensu sama da silin ya bar sarari a tsakani don zafi ya fice, kuma irin wannan aiki ne ya kai shi ga lambar yabo ta Pritzker, ta masu zanen gini, a 2022.

Za a ce Prempeh na da makeken fili, mu kuwa a Aboabo da Asawase da Sawaba ko fuloti biyu a haɗe wahalar samu suke. Gaskiya ne, kuma wannan ne ma ya sa muka fi su buƙatar zane. Mai ƙaramin fili sama zai nufa, to a zuba harsashin da zai ɗauki hawa huɗu tun ranar farko, kada a zo daga baya a ɗora bene a kan ginin da aka yi don hawa ɗaya. A yi matakala biyu a kowane bene saboda gobara. A bar ƙasan wani sashe a buɗe ya zama wurin taro da cin abinci da fakewa daga ruwa. Ɗalibi mai keken guragu ma yana da haƙƙi, dokar naƙasassu ta 2006 ta wajabta a yi masa hanyar shiga ginin jama'a.

Sai ruwa, wanda a ganina nan aka fi cutar yaranmu. Kumasi na samun damina biyu a shekara, amma ruwan kwanon makaranta a ƙasa yake zuba yana cin harsashi, alhali da indararo da manyan tankuna zai wadatar da banɗaki na watanni. Makarantar da ɗalibai ɗari biyar za su yi alwalar azahar cikin minti ashirin tana buƙatar dogon layin famfo mai wurin zama da magudana, na mata daban a killace. Masallaci kuma alƙiblarsa gabas ce mai karkata arewa, ba za ta yi daidai da layin ajujuwa ba, don haka a ware masa wuri tun a takarda. Banɗakin 'yan mata ya zama mai ƙofa da ruwa da wurin zubar da ƙunzugu, kusa da ajujuwa inda malama za ta iya sa ido. Yarinyar da ba ta samu wannan ba gida take zama kwanakin al'adarta, kuma babu mai rubuta dalilin a rajista.

Ƙofar makaranta ma aikin mai zane ce. A Yunin 2022 ɗaliban Sakandaren Musulunci ta Abrepo sun tare hanya saboda yawan kaɗe mutane da motoci ke yi a bakin makarantarsu, 'yan sanda suka zo, aka kwashi yara da dama zuwa asibiti. Gyaran titi na hukuma ne, amma sabuwar makaranta tana iya ja da ƙofarta baya daga kwalta, ta bar fili kamar zauren gidan Bahaushe inda mai fita ke tsayawa kafin ya faɗa titi, da gefen da trotro, motar haya, zai sauke yara.

Kuɗin mai zane shi ake fara yankewa, a ce birkila ya san aikinsa. Ya sani, amma aikinsa ɗora bulo ne a inda aka nuna masa, kuma araha ba ta ado. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) na nan cikin gari tana yaye masu zanen gini duk shekara, cikinsu har da 'ya'yan Zango, ga cibiyar binciken gini da hanyoyi a Fumesua. Kwamiti ya ɗauki mai lasisi, ya zaunar da shi da malamai da iyaye mata da su kansu ɗaliban, a raba aikin kashi-kashi da kuɗin kowane kashi. Sannan a kafa zanen a ofishin shugaban makaranta da bangon masallacin unguwa, duk mai niyyar sadaka mai gudana ya zo ya zaɓi ginin da zai ɗauka daga ciki, a wurin da aka riga aka ware masa.