Hutun Keke a Bakin Tafkunan Ostiriya da Abin da Ya Hana Mu Irinsa a Gida

A yankin Salzkammergut na ƙasar Ostiriya, gabas da birnin Salzburg, akwai wani irin hutu da mutane ke yi daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, wanda mu Hausawa mazauna wannan ƙasa ba kasafai muke waiwayarsa ba, ko da yake yana bakin ƙofarmu. Mutum yakan ɗauki mako guda yana tafiya a kan keke daga wannan tafki zuwa wancan, ba jagora a gabansa, ba mota a bayansa, kowane dare ya kwana a wani gari dabam. Na yi wannan tafiya tare da iyalina, kuma abin da na dawo da shi a zuciya shi ne cewa sauƙinta aikin mutane ne. Duwatsu da ruwa Allah ne Ya ajiye su, kuma Ya ajiye mana namu a ƙasarmu Najeriya. Amma hanyar da dattijo zai bi a kan keke ba tare da fargaba ba, wannan wasu ne suka zauna suka tsara ta, suka kuma ci gaba da kula da ita shekara da shekaru.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Kamfanin shirya tafiye-tafiye yakan kama wa mutum ɗakuna a garuruwan da zai kwana, ya ba shi hayar keke da jakar da ake ratayawa a kariya, ya ba shi taswira da bayanin hanya da lambar wayar da zai kira idan wani abu ya faru. Daga nan sai a bar shi da kansa. Tafiyar yini ba ta cika wuce kilomita 30 zuwa 50 ba, wato abin da mai matsakaicin ƙarfi zai gama cikin sa'o'i uku ko huɗu, sauran yinin kuwa nasa ne, ya tsaya inda ya ga dama. Akwatin kayansa ba ya hawa keken. Da safe, wajen ƙarfe tara, yakan ajiye shi a wurin karɓar baƙi na otal ɗin da ya kwana, da 'yar takarda ɗaure a hannunsa mai ɗauke da sunansa, kuma kafin ya isa masauki na gaba da yamma wata mota ta riga ta kai shi can.

Wannan batu na akwati ya fi komai tsaya mini a rai. A wani ƙaramin otal kusa da tafkin Wolfgangsee na ga akwatuna jere a gindin matakala, ba mai gadi, ba kwaɗo a jikin yawancinsu, masu su sun riga sun hau kekunansu sun tafi. Wata tsohuwa mai furfura ta sauko da nata, ta jingina shi da na ƙarshe, ta gyara takardar sunan don ta fuskanci waje, ta ɗaura hular kwano, ta bi mijinta ba ta ko waiwaya ba. Direban da zai kwashe su bai san ta ba, ita ma ba za ta taɓa ganinsa ba. Duk hutun a kan wannan amana yake tsaye, domin da za a yi shakkar isar kayan sau ɗaya, dole kowa ya ɗaure kayansa a keke, kuma da zarar an yi haka tafiyar ta fita daga hannun tsofaffi da masu yara ta koma ta majiya ƙarfi.

Mai karatu zai iya tambayar yadda tafiya a tsakiyar tsaunukan Alps za ta zama mai sauƙi. Amsar tana cikin yanayin ƙasar. Ƙanƙarar zamanin da ce ta haƙa waɗannan kwaruruka, da ta narke sai ruwa ya cika su, shi ya sa tafkunan suke kusan a tsayi ɗaya: Traunsee yana kimanin mita 420 sama da teku, Attersee 469, Mondsee 481, Hallstätter See 508, Wolfgangsee 538. Wanda ya bi bakin ruwa da gefen kogin Traun yana kallon dutsen Schafberg mai mita 1,783 a samansa, amma ƙafarsa ba ta hawa shi. Akwai 'yan hawa masu sa haki, kamar wanda ke tsakanin Mondsee da St. Gilgen, kuma akwai wurare a gefen Attersee da mai keke ke raba kwalta da motoci, waɗanda ban ji daɗinsu ba da yara a tare da ni. Sai dai wanda ya gaji yana da mafita, domin jiragen ruwa na tafkunan da jirgin ƙasan da ke bi ta Bad Ischl da Gmunden suna ɗaukar kekuna, keke mai batir kuma ya rage wa masu ciwon gwiwa wahalar hawa.

Wani sashe na wannan hanya yana da tarihin da ya kamata ɗan arewacin Najeriya ya tsaya ya duba. A shekarun 1890 an shimfiɗa wani siririn layin dogo daga Salzburg zuwa Bad Ischl, garin da Sarkin Ostiriya Franz Joseph ke hutun bazara, faɗin tsakanin ƙarafunansa santimita 76. An rufe shi a 1957 bayan motoci sun ƙwace masa fasinja. An cire ƙarafunan, amma a wurare da dama ba a bar filin ya salwanta ba, an mayar da shi hanyar keke, kuma wanda ya fita daga Salzburg ya nufi Eugendorf a kan keke yau a kansa yake tafiya. Jirgin ƙasa ba ya iya hawa tudu mai tsauri, saboda haka duk inda injiniyoyin dogo suka bi, sun riga sun nemo wa mai keke hanya mafi laushi.

Mu ma mun yi irin wannan dogo. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa shi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru domin kwasar kuza, ya kammalu a 1914, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre, tsawonsa ya haura kilomita 200, faɗinsa kusan daidai da na Ostiriya, kuma shi ma a 1957 aka rufe shi. Layuka biyu masu faɗi kusan ɗaya sun mutu a shekara ɗaya. Sassan ɗayan sun zama hanyar da ke kawo wa ƙauyuka baƙi da ciniki duk bazara, ɗayan kuwa yawancin matasan garuruwan da ya ratsa ba su ma san an yi shi ba. Ba ina cewa a tashi gobe a malala kwalta daga Zariya zuwa Jos domin masu keke ba, don mutanen da ba su da hanyar kai amfanin gona kasuwa suna da haƙƙin a fara da su. Abin da ke damuna shi ne yadda muke barin abin da aka riga aka sha wahalarsa ya ɓace, alhali hanya mai laushin hawa ita ce ainihin abin da manomi mai buhun masara a kariyar keke yake bukata kafin ɗan yawon buɗe ido.

Wuraren zuwa ba su ne matsalarmu ba. Jos tana sama da mita 1,200, iskarta mai sanyi ce, duwatsun Shere suna gabashinta da madatsar Lamingo a kusa da su, ga Kurra Falls, ga tafkin Ampidong da ke cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta a ƙasar Mangu, ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, ko da yake waɗannan suna da zurfi da haɗari kuma ba wurin wanka ba ne. A jihar Kano akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da tafkin Bagauda a kusa da ita, inda aka gina otal domin masu hutu, wanda daga baya ya zama reshen Makarantar Horas da Lauyoyi. Tsaunin Mambila kuwa, da korayen tuddansa da gonakin shayi na Kakara, ba ya jin kunyar a jera shi da kowane wuri da na gani a nan, sai dai hawansa ba na mai neman sauƙi ba ne.

Keken ma ba baƙonmu ba ne. Da yawa daga cikinmu a wurin mai hayar keke na unguwa muka koya, ana biya ana ƙirga mana mintuna. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e sun yi zamani a kan Raleigh, har masana'antarsa aka yi a Kano, daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya cika ƙauyuka. Ta fuskar gyara kuwa mun fi su nesa ba kusa ba. A nan idan taya ta yi faci ranar Lahadi, shaguna a rufe suke, sai mutum ya durƙusa ya yi da hannunsa ko ya jira Litinin. A gida kuwa da wuya a ratsa ƙauyen da ke bakin hanya ba a sami mai faci a gindin bishiya da famfonsa da kwanon ruwan gwada tif ba. Abin da ya sauya shi ne darajar keken a idon jama'a. Tun da babur ya yi arha, keke ya zama shaidar rashi, magidanci mai rufin asiri ba zai hau shi ba don kada a ce karayar arziki ta same shi. A bakin Mondsee kuwa likita da mai shara suna wuce juna a kan keke, ba mai iya bambance su. Ina ganin wannan kunya asara ce babba gare mu, musamman yanzu da hawan jini da ciwon suga suka yawaita a tsakanin masu zaman ofis, kuɗin fetur kuma ya ninka tun bayan cire tallafi a 2023.

Amma ko an kawar da kunyar, hanya na nan. Titunanmu an gina su ne domin mota, mai keke kuma abin da ya rage a gefe shi ne rabonsa, tare da yashi da ramuka da masu talla. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, shi da kansa ya hau a Abuja, mota ta ture shi cikin kwata. Mutane sun mayar da abin raha, ni kuwa ina ganin darasin a fili yake: kiran ya yi daidai, sai dai an yi shi kafin a tanadi wurin da keken zai bi. Bayan hanya kuma sai babban al'amari, wato tsaro. Hutun da ba jagora ma'anarsa mutum da matarsa da 'ya'yansa su kaɗai a hanyar daji, kuma duk wanda ya san abin da Jos ta gani tun 2001, da abin da ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi da Mangu suka sha a 'yan shekarun nan, ba zai ba wani shawarar haka da wasa ba. Kafin baƙo ya yi yawo a wuri don nishaɗi, dole mai wurin ya iya zuwa gonarsa ya dawo lafiya.

Ba kuma komai na nan ne abin koyi ba. Hutun yana da tsada, mako guda na mutum biyu yana iya cinye abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu a wata, shi ya sa yawancin masu yinsa 'yan fansho ne da masu hali. Garin Hallstatt, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1997 saboda daɗaɗɗen tarihinsa na haƙar gishiri, mazaunansa ba su kai 800 ba, amma a ranakun cunkoso dubban baƙi ke sauka a cikinsa, har a 2023 mutanen garin suka fito suka tare hanyar shiga don nuna gajiyarsu. Ba na yi wa wani ƙauye namu fatan haka. Sai dai yawancin wannan cunkoso daga manyan motocin safa yake, masu sauke mutane su ɗauki hoto su wuce. Mai keke a hankali yake tafiya, yana jin yunwa a ƙananan garuruwan da safa ba ta tsayawa, kuɗinsa kuma yana shiga hannun mai gasa kifi da mai ɗakin haya.

Abin da nake ganin za a iya farawa da shi a gida ƙarami ne, kuma a nan na ga misalinsa. Sau ɗaya a shekara ana rufe titin da ya kewaye Attersee, mai kusan kilomita 48, a hana motoci shiga na tsawon yini, iyalai su fito da kekunansu, ƙauyukan bakin ruwa su kafa rumfunan abinci. Wannan ba ya bukatar sabuwar kwalta ko kwangila. Ƙaramar hukuma da masarauta da jami'an kiyaye haɗurra za su iya ware 'yan kilomitoci a kusa da Tiga ko Lamingo a wata safiyar Asabar cikin sanyin hunturu, a sa masu faci a kan hanya, a bar masu ƙosai da masu shayi su yi ciniki, a kuma gayyaci manyan gari su hau keke a gaban jama'a, domin ranar da aka ga hakimi ko shugaban makaranta a kan keke, rabin kunyar ta tafi. Ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, ta faɗo cikin damina, don haka Disamba ko Janairu sun fi dacewa da mu.

'Yan'uwana mazauna Ostiriya da kudancin Jamus kuwa, ina ba su shawarar su gwada ko da na kwana biyu ne, ba sai ta hannun kamfani ba. Jirgin ƙasa yana kai mutum Bad Ischl, a can ya hayi keke ya nufi Strobl da St. Wolfgang, tafiyar da yaro ɗan shekara goma zai iya. Abinci ba zai gagara ba, domin kifin tafkunan yana ko'ina, gasasshe da mai hayaƙi, sai dai a riƙa tambayar abin da ke cikin miya saboda naman alade. Yinin bazara yana da tsawo, matafiyi kuma yana da rangwamen ƙasaru, ciyawar bakin ruwa ta isa shimfiɗa darduma. A riƙe rigar ruwa a jaka ko da gari ya waye tangaran, domin hadari a tsakanin waɗannan duwatsu yakan haɗu cikin ɗan lokaci, galibi bayan azahar.