Yadda Na Saya wa Maigida Sabon Injin Bohol da Kalma Ɗaya

Injin bohol ɗin gidanmu ya ƙone ne a tsakiyar bazara, lokacin da 'yan garuwa ba sa amsa sallama sai sun ga dama. Gidan haya ne, maigidan yana Abuja, lauyansa ne ke karɓar kuɗi. Kafin mako ya zagayo sai ga takarda daga ofishin lauyan, wai mu muka bar injin yana ta aiki bayan ruwa ya ja baya, saboda haka mu za mu sayi sabo. Alhali kowa a layinmu ya san daren da aka kawo wuta da ƙarfin tsiya, har firjin Maman 'Yan Biyu ya bi injin lahira.

Aka yi taro a tsakar gida, aka ce sakatare ya rubuta amsa. Ni ne sakataren, don ni ke da difloma, kuma ni kaɗai ake gani da jarida. Na rubuta gaskiyarmu tsaf, sai dai kowane layi da "we say" ya fara. Da na karanta, Baba Soja ya taɓe baki.

"Sakatare, wannan ai Turancin 'yan firamare ne. Lauya fa za a kai wa. Ka zuba masa wanda sai ya nemi tabarau."

Abin ya sosa mini rai. Na shiga ɗaki na zaƙulo wani tsohon littafi da na taɓa saya a hannun masu baza littattafai a Sabon Gari, irin wanda ke jero kalmomi masu kusancin ma'ana. Wani likita ɗan Ingila, Peter Roget, shi ya fitar da wanda ya fi shahara a 1852, kuma bawan Allah bai taɓa cewa kalmomin ɗaya suke ba, unguwa ɗaya kawai ya zaunar da su. Ni kuwa ban tsaya karanta gabatarwa ba. Na kwaso manya-manya na koma taro, na ce jama'a su zaɓa.

Na fara da "argue". Maman 'Yan Biyu ta ce a'a, wannan musu ne, ba za a ce ta yi sa-in-sa da mai gidan da take ciki ba. Na yi ƙoƙarin bayyana cewa a rubuce kafa hujja take nufi, ba cacar baki ba, babu wanda ya saurare ni.

Na kawo "maintain", wadda ke nufin muna nan kan bakanmu. Makanike ya miƙe tsaye.

"Mentenas? Wallahi kar ka soma! Da ka sa wannan ka amince mu ke da gyara ke nan. Ni na san wannan kalmar, da ita nake cin abinci."

Aka soke ta. Na kawo "submit", wadda lauyoyi ke faɗa wa alƙali cikin ladabi idan suna gabatar da hujjarsu. Baba Soja ya buga sanda a ƙasa, ya ce shi bai miƙa wuya a bakin daga ba, ba zai miƙa wa injin ruwa ba. Ita ma ta tafi. Kalmomi uku lafiyayyu, taro ya binne su da rai.

Waɗanda suka tsira su ne masu ƙamshin jarida. Aka so "allege" sosai, saboda ana yawan jin ta a labaran kotu. Aka so "claim". Na rarraba su a kan hujjojinmu: ƙarfin wutar ya samu "allege", firjin Maman 'Yan Biyu ya samu "claim". Saura babban layi, inda za mu yi fatali da zargin barin inji a kunne. Kalmomi uku na gani kusan kai ɗaya, kamar 'ya'yan mutum ɗaya da aka yi wa anko: "contest", "contend" da "concede". Na karanto su da ƙarfi. Ta ukun ta fi zaƙi a kunne, har wani ya tafa. Don ta ƙara kauri na ɗora mata "strongly" a gaba. Muka buga a shagon kwamfuta, masu sa hannu suka sa, masu dangwale suka dangwala.

Amsar lauyan layi biyu ce. Yana godiya bisa dattakunmu, ga lambar asusu.

Muna tsaye muna juya takardar sai ga 'yar Makanike ta dawo daga makaranta, 'yar aji biyar ta sakandare. Ta leƙa kwafinmu, ta dube ni da tausayi.

"Kawu, ai wannan ita ce abin da Jonathan ya yi a 2015, da ya buga wa Buhari waya ya amince ya faɗi zaɓe."

Tsakar gida ta yi tsit. Yarinyar ba ta san inda ake tsayawa ba, ta ci gaba. Wai "allege" ana amfani da ita ne a kan zargin da ba a tabbatar ba, shi ya sa 'yan jarida ke fakewa da ita kafin kotu ta yanke hukunci. "Claim" kuma iƙirari ne, wanda mai sauraro na iya cewa to, kai ka faɗa. Wato mun jefa shakku a kan hujjojinmu da hannunmu, sannan mun amsa laifi, kuma da ƙarfi muka amsa. Da a ce "contest" muka ɗauka, in ji ta, da mun ƙalubalanci zargin. Kama da wane dai ba ta wane.

Washegari na sa babbar riga na tafi ofishin lauyan. Na ce, "Ranka ya daɗe Barista, akwai ɗan tuntuɓen alƙalami." Ya cire tabarau, ya ce a shekarun da ya yi yana aiki ya ga masu musanta laifi da ƙarfi, amma masu amsa laifi da ƙarfi mu ne na farko, don haka ya riga ya nuna wa abokan aikinsa. Ya yi dariya har da share hawaye. Daga ƙarshe ya buga wa maigida waya, aka daidaita a kan rabi-rabi, ba don hujjata ba sai don nishaɗin da ya samu.

A taron karo-karo na tunatar da jama'a cewa zaɓe aka yi, kuma na nuna wanda ya tafa. Makanike ya ce shi dai ya tsare mu daga mentenas. Baba Soja ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, aka ninka mini kasona. Na ce to na ajiye muƙamin sakatare. Aka ce in rubuto a takarda, kuma sai yarinyar ta duba kafin a karɓa.