Kafin Ka Rubuta "Alhamdulillah Mun Tare"

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa maza da mata.

Duk ƙarshen shekara, ko bayan Babbar Sallah idan dangi sun haɗu sun watse, sai zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook su cika da labari iri ɗaya: bana Allah ya nufa mun bar gidan haya mun tare a namu, an ƙara ɗaki biyu, an sa tayil, maigida ya ajiye aikin albashi ya kama kasuwa. Masha Allah, Allah ya sanya albarka. Faɗin ni'ima ba laifi ba ne, Allah da kansa ya rufe Suratud Duha da umarnin a ba da labarin ni'imar Ubangiji. Kuma a hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas da Ibnu Hibban ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya lissafa yalwataccen gida da maƙwabci nagari cikin abubuwa huɗu na jin daɗin rayuwa.

Sai dai akwai mutanen da ba sa fitowa a hotunan nan. Mai gidan da ka bari, leburan da ya ɗauki kankare a kansa, maƙwabcin da ruwan kwatarka zai bi ta ƙofarsa, da wurin aikin da ka ajiye. Idan kana rubuta Alhamdulillah, ɗaya daga cikinsu kuma yana can yana cewa Allah ya isa, to da sauran aiki a godiyar.

Gidan haya amana ne har ranar da ka miƙa makulli. Ka sanar da mai gida da wuri, wata biyu ko uku kafin tashi, domin ya nemi wanda zai shiga. Ranar fita ku zagaya gidan tare, ɗaki ɗaki. Abin da tsufa ya ci, irin fentin da ya koɗe da kwanon da ya yi tsatsa, wannan na mai gida ne. Ƙofar da yara suka ɓalle, gilashin taga da ƙwallo ta fasa, kan famfon da aka karya, wannan naka ne, ka gyara ko ka biya. Wuta kuwa nan ne mutane suka fi ɗaukar alhaki ba su sani ba. Idan bil ake kawo muku, a aikace bashin yakan zauna a kan gidan, sau da yawa wanda ya shigo bayanka ake yanke wa wuta saboda abin da kai ka sha. Ka biya, ka ɗauki hoton mita a ranar, ka ba mai gida kwafin rasit. Haka kuɗin shara, kuɗin mai gadi, da sunanka da ke cikin littafin mai shago na bakin layi. Fanka da tankin ruwa da ka saya da kuɗinka kana iya cirewa, amma a toshe ramukan da aka bari a bango. Sannan ka bi maƙwabta gida gida ku yi sallama, ku yafi juna. Zo mu zauna, zo mu saɓa, shekara biyar a layi ɗaya ba a rasa abin yafewa.

Gyaran gida kuma, rigimarsa ba ta farawa ranar biya, tun ranar ciniki take farawa. A ce wa magini "kai dai fara, ba za mu ɓata ba", kuma wallahi sai an ɓata. Allah ya saukar da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi. To a rubuta: jinga ce ko aikin yini, nawa ne kuɗin, wa zai sayo kaya, wa zai kawo ruwa, fulasta tana ciki ko daban take, kuma kashi nawa za a biya. Wanda ya fi sauƙi shi ne a raba kuɗin bisa matakin aiki, kafin alƙalami kaɗan, wani kaso idan gini ya kai linta, wani bayan rufi, ragowar idan an gama an duba. Duk abin da mai gida ya ƙara daga baya, ko taga ɗaya ce, a yi cinikinsa a take. Yawancin "magini ya cuce ni" da "Alhaji ya danne min kuɗi" daga irin wannan ƙarin suke fitowa.

Lebura kuwa ba shi da jari sai ƙarfinsa, abin da ya samu da yamma shi ne tuwon darensu. Ibnu Majah ya ruwaito umarnin a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Wanda ya fi wannan tsoratarwa shi ne hadisin ƙudsi a Bukhari, inda Allah ya ce mutum uku shi ne abokin shari'arsu ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Kada ka ce ai na ba ɗan kwangila. Ka riƙa tambayar leburorin da kanka ko kuɗin ya iso gare su. Kuma wanda yake da kuɗin sayen fitilun ado amma yana ce wa mai fenti "dawo jibi" sati uku, ya sani Annabi (SAW) ya kira jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci.

Ku ma masu sana'a, nasihar ta shafe ku, domin wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kamar yadda ya zo a Muslim. Buhun siminti kilo 50 ne. Bulo mai inci tara da za a dogara da shi, buhu ɗaya ba ya wuce talatin da 'yan kai. Idan aka ja shi ya kai hamsin ko sittin, yashi kawai aka tara, ka murza da yatsa ka ga yana zuba. Kankaren fila da linta da dakin (wato rufin kankare), awon da aka saba shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kuma kada a cika masa ruwa don a sami sauƙin zubawa, yawan ruwa yana kashe ƙarfinsa. Bayan an zuba yana son ban ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai, musamman a hunturu da iska ke shanye danshi, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Shi ya sa cire katakon tallafi a ƙarƙashin dakin bayan sati ɗaya don a kai shi wani aikin ganganci ne da rayukan mutane. Haka fenti a kan ɗanyar fulasta: ana gaggawar tarewa kafin azumi, a shafa, damina ɗaya ya kumbura ya ɓare. A ba ta kamar wata guda ta bushe.

Abin da ya fi haɗari a gyaran tsohon gida shi ne rushe bango don faɗaɗa falo. Wani bangon raba ɗaki kawai yake yi, wani kuma shi ke ɗauke da nauyin rufi ko bene. Ba a gane wannan da ido daga nesa, sai injiniya ya duba, kuma idan za a cire sai an tallafe sama an zuba bim da rodi tukuna. Ɗora bene a kan harsashin da aka haƙa don gidan ƙasa shi ma haka. Kuɗin injiniya da na takardar izini, irin wadda hukumar tsara birane ta KNUPDA ke bayarwa a Kano, bai kai kuɗin rushewar ɗaki ɗaya ba, balle ran yaro. Wayarin kuma, waya mai lambar kauri 1.5 ta fitilu ce, soket mai 2.5 yake so, na'urar sanyaya ɗaki da hita kuma mai 4 zuwa sama. Idan aka ja wa hita siririyar waya don rage kuɗi, a cikin silin take zafi, kuma sau da yawa da tsakar dare ake gani.

Maƙwabci fa? A'isha (RA) ta ruwaito cewa wanda ya zalunci wani da ƙasa gwargwadon taƙi ɗaya za a rataya masa ita har ƙasa bakwai, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Taƙi ɗaya bai wuce kaurin bulo ba. Kafin a haƙa harsashin katanga, a kira maƙwabci da mai unguwa, a ja igiya a kan alamar fili kowa yana gani. Cin hanya da baranda ko da matakala ya fi muni, domin haƙƙin jama'a ne, ba ka san wanda za ka nemi yafiyarsa ba. Indararo da bakin kwano su zuba a cikin gidanka ko a lambatu, kada su zuba a jikin katangar wani, musamman idan ta ƙasa ce, damina biyu ta isa ta kwantar da ita. Sokawe da masai a nisanta su da rijiya, taka ko ta maƙwabci, kamar mita 30 inda fili ya ba da dama, domin ƙazanta tana bin ƙarƙashin ƙasa ba ta san iyakar fuloti ba. Idan bene ne, tagar da ke leƙa tsakar gidan mutane a ɗaga ta sama da kai ko a sa mata gilashin da ba a gani. Yashi da tsakuwar da aka jibge a titi kuma a kwashe su da an gama. Ƙa'idar guda ce, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa: babu cuta, babu cutarwa.

Wani ɗan abu da ake mantawa sai an gama sa tayil: fuskar masai. Alƙiblarmu a Arewa gabas ce da ɗan karkata arewa. Malikiyya sun sauƙaƙa fuskantarta ko ba ta baya wajen biyan buƙata idan a cikin gini ne, amma tunda juya shi kudu ko arewa ba ya cin ko sisi idan an faɗa wa mai aikin famfo da wuri, me zai hana a fita daga saɓani?

Canjin aiki kuma istihara yake so kafin a yanke, raka'a biyu na nafila da addu'ar da Jabir ya ruwaito a Bukhari, tare da shawarar waɗanda suka san sana'ar. Ba sharaɗi ba ne sai an yi mafarki. Idan za ka tafi, ka bi ƙofar da ka shigo. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta sa mafi ƙarancin sanarwa sati ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, sati biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga biyar zuwa sama, kuma idan takardar ɗaukarka ta faɗi fiye da haka, ita ce alkawarin da ka sa wa hannu. Ka miƙa makullai da kwamfuta da takardu, ka nuna wa magajinka inda aiki ya tsaya, kada ka kwashe abokan cinikin maigidanka a ɓoye ka kai sabon shagonka. Asusun fanshonka naka ne, lambarsa ba ta canzawa, ka kai ta sabon wurin aiki kawai. A dokar fansho ta 2014, wanda ya bar aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba yana iya neman kashi 25 cikin ɗari na abin da ke ciki. Amma kada a haɗa gini da barin albashi a shekara ɗaya ba tare da an ware abincin gida da kuɗin makaranta na wata shida ba. Sabuwar kasuwa ba ta ciyar da mai ita da wuri, daga nan ne ake faɗawa bashin ruwa don a rufe kwano. Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta waɗanda yake ciyarwa.

Idan duk wannan ya kammala, ka shiga gidanka da Bismillah da sallama. Ka karanta "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ", addu'ar wanda ya sauka a masauki da Khaula 'yar Hakim ta ruwaito, da addu'ar Annabi Nuhu a aya ta 29 ta Suratul Mu'minun, kuma a riƙa karanta Suratul Baƙara a gidan, domin Shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta ta. Yanka a bakin ƙofa ko binne wani abu a harsashi don a sallami aljanun wuri ba shi da asali, yanka don wanin Allah shirka ne.

Labarin kuma a ba da shi da awo. Annabi Yaƙub ya hana Yusuf faɗa wa 'yan'uwansa mafarkinsa. A cikin zauren dangin nan akwai wanda mai gida ya ba wa takardar tashi a watan nan, ba sai ya ga kowane ɗaki da farashin kujeru ba. Hoton ƙofar gida da sunan layi da lambar mota kuma ba dangi kaɗai ke kallo ba. Idan za a yi walima, a fara aika kwano gidajen da ke dama da hagu, sannan a kira magini da leburorinsa su ci a cikin falon da suka gina.