Alhaji Bai Taɓa Komai Ba

ALHAJI: Injiniya, takardun cinikina duk sun ɓace daga kwamfutar nan. Kuma ban taɓa komai ba.

YARON ALHAJI: Sai dai gogewar da ya yi.

ALHAJI: Wa ya kasa da kai?

INJINIYA: In gogewa ce kawai da sauƙi, ranka ya daɗe. Ko an zazzage kwandon shara, fayil bai tafi ba. Sunansa kwamfuta ke cirewa daga rajista, ta ce wurin ya zama fili, shi kuwa yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Shi ya sa ake kashe ta nan take. Ba ka dai saka sabon abu ba ko?

ALHAJI: Allah ya kiyaye. Manhajar dawo da fayil kawai na sauke. Guda huɗu, don in kwatanta.

INJINIYA: A kan faifan ajiyar kwamfutar, wato hard disk, inda abin ya ɓace?

ALHAJI: To a kaina zan sauke su?

INJINIYA: Kowace ɗaya tana iya dira daidai kan takardun naka. A wata kwamfutar ake sa irin waɗannan manhajoji, kamar Recuva ko PhotoRec, a ciro faifan a jona shi ta USB, abin da aka ceto kuma a zuba shi a wani faifan dabam.

ALHAJI: Na san wannan. Gwada ka nake.

(Kowane mai gyara ya san irinsu. Bidiyo ɗaya na minti uku a YouTube, shi ke nan an zama farfesa.)

YARO: Alhaji, ba ka faɗa masa ƙarar ba.

ALHAJI: Ɗan ƙas-ƙas ne ta fara. Na yi ta kashewa ina kunnawa, da ta ƙi ji na ɗan mare ta.

INJINIYA: Inna lillahi! Alhaji, faranti ne a cikin faifan yana juyi sau 5,400 ko 7,200 a minti, allurar karatu tana shawagi a samansa, tazarar da ko ƙwayar ƙura ta fi ta kauri. Ƙas-ƙas galibi allurar ce ta samu matsala. Duk kunnawa ɗaya tana iya kartar farantin, wurin da ta karta kuwa ya tafi har abada.

ALHAJI: Ai shi ya sa na kwantar wa faifan da hankali. A firiza ya kwana.

INJINIYA: Yana fitowa raɓa ta sauka a kansa ke nan. Da yana ɗan karantuwa, da manhajar ddrescue zan kwafe shi kaf zuwa lafiyayyen faifai, in yi aikin a kan kwafin. Yanzu kam sai masu ɗaki na musamman da ba ƙura, su canza allurar da ta wani faifan irinsa sak. Kana da kwafi a wani wuri?

ALHAJI: Ni za a koya wa tsari? Kwafi uku gare ni!

INJINIYA: Alhamdu lillahi! Suna ina?

ALHAJI: A cikin faifan mana. Kowanne da fuldarsa, har na sa musu lamba.

(Injiniya ya yi shiru, irin shirun da ba na ladabi ba.)

INJINIYA: To, in dai ba a buɗe shi ba, akwai sauran fata... Alhaji, ina sukurorin murfin?

ALHAJI: Ga su a aljihu. Leƙawa kawai na yi, na hura masa iska, na goge da hankici. Tsaf yake, ka ga ma na rage wa masu ɗakin naka aiki.

INJINIYA: Ranka ya daɗe, ai babu faranti a ciki.

YARO: Yana wurin Hajiya. Ta ce madubin ya fi nata nuna fuska.

ALHAJI: Ka dai fara aikin, in ta gama kwalliya zan aiko maka da shi.