Gado ta wajen uwa bai fitar da Minangkabau daga Musulunci ba

Da zarar an ji cewa mutanen Minangkabau na Sumatra ta Yamma, a Indunusiya, suna danganta yaro ga dangin uwarsa, sai a ɗauka shigar da al'adarsu cikin karatun addini cusa bidi'a ne. Ba haka abin yake ba.

Dukiya iri biyu ce a wurinsu. Gonar shinkafa da babban gidan kakanni na zuri'a ne, mata ke riƙe da su, kusan kamar waƙafi. Abin da mutum ya tara da guminsa kuwa, da ilimin fara'id ake raba shi. Ba a taru an zama ɗaya ba dai: Shaihu Ahmad Khatib, ɗan yankin da ya koyar a Makka, ya soki gado ta wajen uwa ƙwarai.

Takensu shi ne al'ada ta dogara da shari'a, shari'a ta dogara da Littafin Allah, kuma dokar Indunusiya ta 2022 kan lardin Sumatra ta Yamma ta amince da shi. A da ma, a ɗan masallacin da suke kira surau samari ke kwana, su yi karatun Alƙur'ani, su koyi karin magana da kokawar silek.