Danne Mutum Ba Shi Ne Kashe Masa Zafi Ba

Akwai wata magana da nake so mu daina furtawa a ɗakin cire haƙori da kuma a gidajenmu: "Ai irin waɗannan ba sa jin zafi sosai." Ana faɗinta a kan yaro mai galahanga, ana faɗinta a kan babban mutum mai tawayar basira da ya kai shekara talatin bai iya haɗa zance ba. Maganar ba gaskiya ba ce. Jijiyar haƙorinsa irin ta kowa ce, raɗaɗin da ke isa ƙwaƙwalwarsa shi ne wanda ke isa taka. Abin da ya rasa kawai bakin da zai ce "likita tsaya, wurin bai mutu ba tukuna." Idan ƙarti huɗu suka danne shi, ɗaya a ƙafa, biyu a hannu, ɗaya ya rungume kai, aka fizge haƙori, haƙori ya fita kam, amma an yi masa azaba, kuma daga ranar ko asawaki aka nufo bakinsa da shi sai an yi kokawa.

Tun kafin a zo asibiti ake fara kuskure. Wanda ba ya magana ba ya cewa haƙori na ciwo. Sai ka ga ya ƙi tuwon da ya saba so, ko yana tauna da gefe ɗaya, yana dukan kumatu, yana cizon hannunsa, yana buga kai da bango, miyau ya ƙaru, barci ya gagara. A gida sai a ce "ciwon nasa ne ya tashi," a nemo maganin kwantar da hankali ko a kai shi ruƙiyya, alhali turmi ne ya ruɓe. Kafin a gane, dasashi ya kumbura ya tara mugunya. Wannan jinkirin yana da illa kai tsaye, domin allurar kashe zafi ba ta kamawa da kyau a naman da ya kumbura: wurin ya yi tsami, maganin ba ya iya ratsa jijiya yadda ya kamata. Dole likita ya yi allurar nesa da kumburin, ya kashe jijiyar daga tushenta.

Don haka uwa ko yayar da ke kula da shi, ke ce ma'aunin likita. Ki gaya masa yadda fuskar ɗanki take idan yana jin zafi, da irin ƙarar da yake yi, da abin da ke kwantar masa da hankali. Akwai ma'aunin da ake kira FLACC, mai duba fuska, ƙafafu, motsin jiki, kuka, da ko yana lallasuwa, kowanne maki 0 zuwa 2, jimla 10. An gyara shi musamman domin masu irin wannan larura, gyaran kuwa shi ne a saka alamomin da iyaye suka sani.

Allurar da aka fi amfani da ita ita ce lidokain kashi 2 cikin ɗari haɗe da adirenalin. Kwalbarta mai mililita 1.8 tana ɗauke da miligiram 36. Ga yara, iyakar da likitocin haƙorin yara ke bi ita ce miligiram 4.4 a kowane kilo. Yaro mai kilo 20 ke nan kada ya wuce miligiram 88, wato kwalba biyu da ɗan ɗori. Shi ya sa dole a ɗora shi a sikeli. Da yawa daga cikin waɗannan yara jikinsu bai kai shekarunsu ba, idan aka yi lissafi da shekaru sai a zarce, zarcewar kuma tana kawo jijjiga da matsalar bugun zuciya. Kafin allura a busar da dasashi da auduga, a shafa man kashe zafi, a bar shi minti biyu cur. A tura maganin a hankali, kwalba ɗaya a cikin kusan minti ɗaya, domin saurin turawa ne ke sa zafin da ke firgita mutum, ba tsinin allurar kaɗai ba.

Sai jira, inda gaggawa ke ɓata komai. Haƙorin sama yakan mutu cikin minti biyu zuwa uku. Turmin ƙasa, da ake kashe babbar jijiyar muƙamuƙi dominsa, yana bukatar minti biyar ko fiye, wani lokacin ma allurar ta kuskure jijiyar baki ɗaya. Mai magana za a tambaye shi ko leɓensa ya yi nauyi. Wannan ba zai amsa ba. Sai likita ya taɓa dasashin da tsinin kayan aiki, gaba da baya, idonsa a kan fuskar majiyyaci: ƙifta ido, ɗaure goshi, damƙe hannu. In an ga ɗaya, ba a sa awartaki.

Wani kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗaukar maganin kwantar da hankali a matsayin maganin zafi. Midazolam, ɗaya daga irin waɗannan magunguna, yana sa mutum ya yi laushi ya manta abin da ya faru, amma ba ya kashe raɗaɗi ko kaɗan. Wanda aka ba shi ba tare da allurar dasashi mai kyau ba yana jin komai, ƙarfin turjewa ne kawai ya ragu. Kuma ba a ba da shi sai inda akwai oksijin, da na'urar auna oksijin na jini da ake maƙalawa a yatsa, da fulumazenil mai karya shi, da mutum guda wanda aikinsa kawai kallon numfashi. Iskar dariya, wadda ake shaƙa ta hanci haɗe da oksijin, yawanci kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, tana da sauƙi kuma tana saurin fita daga jiki, sai dai tana bukatar wanda zai yarda a ɗora masa abu a hanci. Don Allah kada wani ya sayo maganin barci a kemis ya ɗura wa yaro kafin a fito gida "don ya natsu."

Idan duk wannan ya gagara, sa barci gaba ɗaya a ɗakin tiyata ba abin kunya ba ne, sau da yawa shi ne tausayi. Ra'ayina shi ne, in har za a sa shi barci, a duba bakin duka, a ɗauki hoto, a cike na cikewa a cire na cirewa a zama ɗaya. Kafin a sa shi barci, azumin abinci awa shida, na ruwa zalla awa biyu. Mai larurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita tana kawo tawayar basira, yana bukatar ƙarin kula: kusan rabinsu ana haifarsu da matsalar zuciya, harshe yana cika baki, wasu kuma gaɓar wuyansu ta sama sako-sako ce, ba a lanƙwasa kansu baya da ƙarfi. Mai farfaɗiya ya sha maganinsa na safe da ɗan kurɓin ruwa ko da yana azumin tiyata, kuma a sanar da likita idan maganin farfaɗiyar da yake sha balfurowet ne, domin yana iya sa jini ya daɗe bai tsaya ba. Mai sikila ma a faɗa tun farko. Irin wannan aiki na asibitin koyarwa ne ko babban asibiti mai likitan sa barci. Dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2019 ta ba su haƙƙin kula da lafiya ba tare da bambanci ba, kashe zafi kuwa yana cikin kula.

Bayan an cire, awannin farko su ne na sa ido. Leɓe da harshe suna zama a mace awa uku zuwa biyar. Shi bai san dalili ba, sai ya yi ta tauna leɓen, gobe a wayi gari ya kumbura da farin gyambo, a ɗauka allura ce ta ɓaci. Mutum ɗaya ya zauna kusa da shi, ba abinci mai tauri ko mai zafi har bakin ya dawo. Audugar da ake cewa a cije minti ashirin zuwa talatin, kada a bar ta a bakin wanda zai iya haɗiyewa. Babba ya riƙe gefen audugar daga waje, ko likita ya sa soso mai tsayar da jini a ramin ya yi ɗinki da zaren da ke narkewa da kansa.

Maganin zafi a fara shi kafin allura ta sake shi, kuma a bi agogo kwana biyu ko uku. Umarnin "a ba shi idan ya ji ciwo" ba shi da amfani ga wanda ba zai nema ba. Farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, duk awa shida, kada a wuce sau huɗu a rana. Yaro mai kilo 20 miligiram 300 ke nan, wato mililita 12.5 na ruwan da ke da miligiram 120 a mililita 5, a auna da sirinji ba cokalin shayi ba. Babba giram ɗaya, iyaka giram huɗu a rana, a rage in bai kai kilo 50 ba. Haɗa shi da ibufurofen, miligiram 400 duk awa takwas ga babba bayan cin abinci, yana aiki sosai a ciwon haƙori, sai dai ban da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai shan litiyam (wani maganin taɓin hankali), ko mai asma da irin wannan magani ke tayar masa. Asfirin ba na ɗan ƙasa da shekara 16 ba ne, kodin ba na ɗan ƙasa da 12 ba, taramadol kuma yana iya tayar da farfaɗiya.

Ranar farko ba kurkure baki. Daga washegari ruwan ɗumi da ɗan gishiri, in ba ya iya tofarwa a jiƙa auduga a goge gefen a hankali. Idan a kwana na uku ko na huɗu ya koma ƙin abinci da dukan kumatu, baki kuma yana wari, wataƙila gudan jinin da ya toshe ramin ne ya fita ƙashi ya bayyana. A mayar da shi a wanke ramin a sa masa magani. Zazzaɓi, kumburi mai gangarowa wuya, ko wahalar haɗiya kuwa, a tafi asibiti a daren, ba a jiran safiya.